Dokta Fanna, Wadda Gure Ta Kira Mahaukaciyar Ƙwari

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Fanna a Gure, kuma har yau idan na tuna yadda garinmu ya yi da ita, raina ɓaci yake yi kamar jiya abin ya faru. An saba idan za a tuna mamaci a jarida a zo da murya mai sanyi, a jero halayensa na kirki, a roƙa masa gafara, a rufe. Gafarar zan roƙa mata, don kullum ina yi. Muryar sanyin ce ba ni da ita a kan wannan magana, kuma ba zan aro ta wani ba.

Ga wanda bai san ta ba, Fanna masaniyar kimiyyar ƙwari ce. Ta yi karatu har ta zama dokta a kan ƙwarin da ke cin amfanin gona, musamman murzuna, tsutsar nan da ke shiga zangarniyar gero ta yi ta ci har ta bar wa manomi sanda babu tsaba. A takarda sunanta Dokta Fanna. A bakin mutanen Gure kuwa, daga tasha har kasuwa, Fanna Mai Ƙwari ce, idan kuma aka ga babu ɗan gidanmu a kusa sai a ce Mahaukaciyar Ƙwari. Ni ƙanenta ne, Mustafa, malamin makaranta, kuma na sha jin sunan nan da kunnena daga bakin mutanen da ba su lura ina tsaye a bayansu ba.

Mahaifinmu manomi ne, da rani kuma yakan yi fataucin kanwa da dabino. Shekarar da murzuna ta cinye mana gona ina ƙarami ƙwarai, amma ina tuna Baba tsaye a bakin rumbu yana leƙa cikinsa. A kakar nan ce Fanna, tana ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, ta fara tsinto zangarniyoyin da suka lalace tana ɓarewa, tana tara tsutsar a gwangwanin tumatir don ta ga abin da za su zama. Inna ta zubar, ta tara wasu. Aka dake ta, ta sake tarawa. Daga ƙarshe Baba ne ya ce a ƙyale ta, abin da ya cinye masa abincin shekara ya kamata a samu wani a gidan da ya san fuskarsa. Daga nan ta tafi lise, babbar sakandare, a Damagaram, ta wuce jami'a a Yamai, ta samu gurbin ƙarin karatu a ƙasar waje. Da ta gama an yi mata tayin zama can, ta ƙi. Ta dawo ta nemi a turo ta yankinmu, ta auri Ari, ma'aikacin jinya, ta haifi ƴaƴa biyu, ta gyara wani ɗan ɗaki a bayan biro, wato ofishin malaman gona, ta mai da shi wurin bincikenta.

A ranar da ta dawo an yi guɗa a gidanmu. Ba a jima ba guɗar ta koma tambaya. Dangi suka fara zuwa da takardun magani da ciwon baya da yara masu zazzaɓi, tun da an ce dokta ce. Da ta ce musu ita ba likitar mutane ba ce, su je wurin mijinta, sai aka fara kallon juna. Wata gwaggonmu ta tambayi Inna a gabana wai wace irin dokta ce wadda ba ta allura, duk shekarun nan ashe fara da tsutsa aka tura ta karanta. Wannan ma da sauƙi, dariya muka yi. Abin da ya biyo baya ne ba na dariya ba.

Mutanenmu suna da hoton masanin kimiyya a cikin kansu tun kafin su taɓa ganin ko ɗaya. Na farko, karatu ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Na biyu, ya bar Allah. Na uku, yaron Nasara ne, abin da aka aiko shi shi yake yi. Duk ukun an ɗora wa Fanna, kuma ba a taɓa damuwa da cewa ba su ma jitu da juna ba, don ban san yadda mahaukaci zai iya riƙe amanar leƙen asiri ba. Idan aka gan ta durƙushe a gona da tsakar rana tana leƙa zangarniya da gilashin ƙara girma, an samu shaidar hauka. Idan aka ga baƙo farar fata ya sauka a bironta, an samu shaidar cin amana. Sallarta kuwa, da yake a ɗaki mace take yi ba a masallacin kasuwa ba, ba wanda ya gani, don haka aka yanke cewa babu ita.

Ba zan ce yayata ba ta da aibu ba. Tana da saurin fushi. Ba ta iya doguwar gaisuwa ba, kana cikin tambayarta gajiya da mutanen gida ta riga ta shiga zancen da ya kawo ta. Takan manta ranar biki, takan shigo taron suna da ƙaiƙayin gero a gyalenta. Amma na san ƴan kasuwa a garin nan masu irin wannan hali sak, kuma su himma ake kira musu shi. Ita ce kawai aka fassara mata shi da taɓin hankali.

Aikin da ta sa a gaba mai sauƙin bayani ne. Akwai wani ƙanƙanin zanzaro, bai fi ƙwayar gero girma ba, ba ya harbin mutum, ba ya taɓa shuka. Shi abincin ƴaƴansa tsutsa ce. Yakan harbi murzuna ta sandare, ya yi ƙwai a jikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Dama yana nan a dajinmu, sai dai ba ya yawa da wuri, kafin ya yi ƙarfi murzuna ta gama ɓarna. Fanna da abokan aikinta sukan kiwata shi a ɗaki, su zuba a ƴan jakunkunan algarara tare da ɗan gero da wata tsutsa ta daban wadda zai ci kafin ya fito, a rataye a gonaki daidai lokacin da gero ke fid da kai. Ba feshi, ba guba, ba abin da manomi zai saya. Wannan shi ne duk laifinta.

Akwai wani ƙauye a yankin Gamu, ba zan faɗi sunansa ba don akwai mutanen kirki a cikinsa. Ta je ta gaida mai gari, ta zauna a ƙarƙashin bishiya ta yi bayani da Hausa da Barbarci, aka yarda, aka rataye jakunkunan. Sai daminar ta zo a karkace. Ruwa ya ɗauke a tsakiya, gero ya fid da kai a rarrabe, murzuna ta sauko da yawan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba, har a garuruwan da Fanna ba ta taɓa taka ƙafarta ba. A cikin wannan tashin hankali wani manomi ya kwance jaka ɗaya ya ga tsutsa a ciki.

Ita da bakinta ta sha faɗa mini cewa mutumin nan bai yi laifi ba. Wanda gonarsa ke ƙarewa a kan idonsa, ya buɗe abin da baƙuwa ta rataye masa ya ga tsutsa, yana da haƙƙin ya tambaya. Ni ma ban riƙe shi ba. Waɗanda na riƙe a cikin Gure suke, kuma su suka mai da tambaya ta zama hukunci. Ɗaya mai sayar da maganin feshi ne a kasuwa, wanda ba sai an faɗa wa kowa dalilin da ya sa ba ya son maganin da ba a saye ba. Ɗayan wani Alhaji ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, mai zaman fada, majalisar masu shan shayi, da rediyo a kunne, wanda ake ganin ya san duniya. Shi ya riƙa gaya wa masu shan shayi cewa ya san irin waɗannan masana, Nasara ke biyansu su kashe geron gargajiya don a koma sayen irinsu da jiran taimakonsu. Ya faɗa da Faransanci, ya fassara da Hausa, aka ce ai Alhaji ya yi aiki a Yamai, ba zai faɗi abin da bai sani ba. Kafin kasuwa ta zagayo maganar ta isa ƙauyen da ƙarin gishiri.

Lokacin hutun makaranta ne, don haka ni na raka ta ranar da ta koma duba jakunkunan. Tun daga nesa muka hango hayaƙi a ƙofar gidan mai gari. An bi gona gona an tsinko su, an tara, an cinna wuta. Maza sun cika wurin, mata na leƙe ta saman dangogi. Mai gari bai tashi ba, bai ba ta tabarma ba. Ta gaishe shi, ta fara bayani cewa tsutsar da aka gani a jaka ba murzuna ba ce, ko kala ba su haɗa ba, a kawo guda biyun a ajiye a tafin hannu kowa ya gani. Ba wanda ya kawo. Sai wani saurayi ya matso gaba ya ce su ba wannan suke son ji ba, an ce masu irin karatunta ba su yarda da Allah ba, idan ita Musulma ce ta yi kalmar shahada a gaban jama'a.

Na yunƙura zan yi kansa, ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Wannan mata ta sauke Alƙur'ani kafin a haifi yaron nan. Ita ta koya mini alwala. Na duba limamin garin, yana zaune kusa da mai gari, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Fanna ta gyara gyalenta, ta yi kalmar shahada a hankali, da muryar da kowa ya ji, sannan ta ce: "Na faɗa. Yanzu a cikinku wa zai raka ni gona in nuna masa abin da na zo yi?"

Ba wanda ya motsa. Da muka juya za mu shiga mota yara suka bi mu da jifa da ɓurɓushin ƙasa, manya na kallo.

A hanya ta sa direba ya tsaya gefen wani tudun rairayi ta yi sallar la'asar, ta daɗe a sujada. Da ta dawo idanunta sun yi ja. Na ɗauka zancen cin mutuncin za ta yi, sai ta ce mini: "Mustafa, sauran kaɗan fa su fito. Da sun bar su, da ko rabin gonakin nan an tsira da shi." Ta kuma hana ni gaya wa Baba zancen shahadar, ta ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Har ya bar duniya bai sani ba.

Bayan wannan rana Gure ta canza mata fuska. A gidan suna mata suka riƙa janye hannu daga kwanon da ta sa nata. Tuwon da ta aika wa maƙwabta da azumi an ga yara sun zuba wa awaki. Ƴarta Amsatu ta dawo daga lakwal tana kuka, wai an yi mata waƙa cewa uwarta tana kiwon tsutsa a ƙarƙashin gado, da ita ake yi musu miya. Abokan Ari suka riƙa jan sa gefe suna ba shi shawara ya hana ta aikin nan ya kai ta a yi mata rubutu. Allah ya saka wa Ari da alheri, bai taɓa ɗaga mata murya a kan aikinta ba, shi yake kai yaran makaranta idan ta yi sammakon daji.

Amma fushina mafi girma ba a kan masu janye hannu daga kwano yake ba. A kan ƴan bokon garin nan yake, irina, masu biro da alli da taye. Sun san gaskiya. Sun karanta a aji cewa wani ƙwaro yana cin wani. Fanna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su raka ta gidan rediyon gari a yi wa mutane bayani tare, don a ji daga bakin maza masu muƙami. Wannan ya ce yana da tafiya, wancan ya ce sai ya nemi izini daga sama, wani ya ce ta bari ƙura ta lafa. Su ɗin ma, a can cikin ransu, ba su taɓa yarda cewa ƴar mai fataucin kanwa masaniya ce ba. Ta taɓa ba ni labarin wani taro da aka kira don a saurari Doktan da zai yi magana a kan murzuna. Ta iso da wuri ta zauna, wani babba ya miƙo mata buta ya ce ta ɗebo masa ruwa kafin baƙon ya iso. Ta ɗebo masa, ta jira ya gama, sannan ta nufi babban teburi ta fara jawabi. Tana ba ni labarin tana dariya. Ni ban yi ba.

Ita kaɗai ta shiga rediyon. Masu bugo waya kaɗan ne suka tambaye ta zancen gero. Wani ya tambaya ko gaskiya ne masana sun ce ba Allah ke saukar da ruwa ba. Wani ya ce ta faɗa masa ko kakanta biri ne. Wata ta tambaya ko mijinta yana cin abincin da ta dafa. Ina zaune a gida ina saurare. Amsar da ta bayar a ƙarshe ita ce na fi riƙewa: ta ce Allah ne ya halicci murzuna, shi ne kuma ya halicci zanzaron da ke kashe ta, ita ba ta ƙirƙiri komai ba, ta dai tsaya ta lura ne, kuma ba ta san inda aka hana bawa lura da halittar Ubangijinsa ba.

Ba ta daina ba. Da maza suka rufe mata ƙofa sai ta bi ta wurin mata. A wasu ƙauyuka na yankin Gidigir ƙungiyoyin mata suka karɓe ta, ta zauna da su a tsakar gida ta nuna musu yadda ake kiwon zanzaron a cikin bokiti da ɗan tsakin gero, ta sa kowace ta riƙe tsutsar jaka da murzuna a hannu har ta iya bambance su. Ta gane cewa a ƙauyen farko ta yi gaggawa, ta yi bayani da baki ba ta sa hannun mutane a ciki ba, kuma ta gyara. Gonakin matan nan suka fara fita daban, mazansu suka fara tambaya. Ana cikin haka jikinta ya fara gazawa. Hawan jini ne ya daɗe yana cin ta ba ta kula ba, ya taɓa mata ƙoda. Aka yi ta kai da kawowa tsakanin Gure da asibitin Damagaram, har Allah ya karɓi abinsa wata ranar kaka da hantsi, ana tsakiyar yankan gero.

A zaman makoki, ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gidanmu, Alhajin nan na fada ya zo da babbar rigarsa. Ya ɗaga hannu aka yi addu'a, aka shafa. Bai ko gyara zama ba ya karkata wajen na kusa da shi ya ce, cikin muryar da ya ɗauka ta yi ƙasa, an ce ƙwarin ne suka shiga jikinta suka cinye ta daga ciki, dama ƙarshen masu shiga hurumin Allah ke nan. Ƙasar kabarinta ba ta bushe a ƙafafuna ba. Na tashi na tsaya a kansa na ce: "Alhaji, ƙodarta ce ta gaza, likita ya faɗa, mijinta ma'aikacin jinya ne ga shi nan zaune. Idan ka gama addu'arka, ga takalmanka can." Har yau akwai masu cewa na yi wa dattijo rashin kunya a gidan mutuwa. Su ci gaba da faɗa.

To, yau fa? Da Fanna za ta leƙo ta ga Gure ta yau, me za ta gani?

Za ta ga jakunkunanta a rataye, har a ƙauyen da aka ƙone su. Wani furoje ne, shirin wata ƙungiyar agaji, ya dawo da su bayan rasuwarta, da manyan motoci kat-kat masu sheƙi da huluna da ake rabawa, da wani Bature da ya zo sau ɗaya aka ɗauki hoto. Mutanen da suka jefe ta suka yi layi suna karɓa. Na je ƙauyen ta'aziyya bara, na ji wani yana yaba abin, yana cewa maganin Nasara ba wasa ba. Wato abin da aka ƙona don an ce na Nasara ne, yau ana rububinsa don an ce na Nasara ne. Abu ɗaya ne aka kasa haɗiyewa tun farko, cewa ƴar garin nan, wadda aka san uwarta da ubanta, ta san wani abu da zai ceci rumbu.

Za ta ga kuma cewa jita-jitar da a zamaninta sai ta jira ranar kasuwa, yau a aljihun kowa take. Saƙon murya ɗaya daga wani da ba a san fuskarsa ba ya isa ya sa uwa ta ɓoye ɗanta daga masu rigakafi, ya sa a ce masu hasashen damina suna gasa da Allah, ya sa a ce ɗaliban da suka zo ɗibar ruwan rijiya don aunawa guba suka zuba. Mai sayar da garin magani ɗaya da ke warkar da ciwon suga da basur da rashin haihuwa a lokaci guda, ba wanda ya taɓa tsayar da shi ya ce ya kawo shaida. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna abu kafin ya faɗa, shi ne abin zargi. Kuma waɗannan mutanen dai, idan fara ta sauko, su ne na farko a ƙofar biro suna tambayar ina masana suke, me suke jira. Wayar da suke aika ƙaryar da ita ma ba daga rumbu ta fito ba.

Na taɓa sa ɗalibaina a aji su zana mini masanin kimiyya. Kusan duka tsohon Bature suka zana, da tabarau da farar riga da gashi a tsaye, wasu har da hayaƙi na fita daga kwalba. Ba wanda ya zana baƙar fata. Ba wanda ya zana mace. A cikin garin da Fanna ta rayu ta mutu ke nan, makarantar ba ta da nisa da ɗakin da ta yi bincikenta, wanda yanzu aka mai da shi wurin ajiye karyayyun kujeru.

Farkon shekarar karatun nan wani uba ya zo wurina a kan ƴarsa, yarinyar da ba ni da kamarta a lissafi. Ya ce in taimaka a cire ta daga ajin kimiyya a mai da ita na adabi. Na tambaye shi dalili. Ya ce shi ba ya son ta ƙare kamar matar nan ta da, mai bin ƙwari, wadda karatu ya haukata har ya kashe ta. Baƙo ne a unguwarmu, bai san ko ni wane ne ba. Na gaya masa matar nan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma idan yana cin tuwon gero a gidansa akwai yiwuwar da hannunta a ciki. Ya ba ni haƙuri sosai, ya ce shi haka ya ji ana faɗa. Amma yarinyar ya cire ta.

Ina jin da Fanna tana nan ba za ta tsaya fushi irin nawa ba. Za ta yi tsaki, ta ɗauki bokitinta, ta tafi gidan mutumin ta zauna da matarsa. Ta fi ni haƙuri da wanda bai sani ba, ni kuma na fi ta riƙo ga wanda ya sani ya yi shiru. Su nake wa wannan rubutu. Malaman makaranta, ma'aikatan biro, masu wa'azi da suka san cewa neman sanin halitta ba kafirci ba ne, masu magana a rediyo: duk ranar da aka kira wani mai bincike mahaukaci ko ɗan koren Nasara a fadarku kuka ci gaba da kurɓar shayi, kun sa hannu.

Idan na auna abin da ya rage na yayata, ba suna ba ne, don babu titi ko aji ko allo da ke ɗauke da sunanta, kuma wanda ya rage a bakin mutane ba nata ba ne. Abin da ya rage yana cikin rumbunan mutanen da ba su san ta ba da na waɗanda suka zage ta, yana kuma hannun matan Gidigir da har yau suke kiwon zanzaronsu ba tare da jiran motar kowa ba, suna koya wa ƴaƴansu. Wannan ladan na tabbata yana isa gare ta, ba sai Gure ta amince ba.

Sai kuma Amsatu. Tana jami'a a Yamai, kimiyyar halittu take karantawa, malamanta na yabon ta. Da ta zo hutun da ya wuce na ce mata idan ta gama ta dawo gida, yankin nan na bukatar irinta. Ta dube ni da idanun uwarta ta ce: "Kawu, garin da ya ci geronta ya kuma ci namanta, me zan dawo in yi masa?"

Ni malami ne, amsa tambaya ce sana'ata, amma wannan ban samu amsarta ba har ta koma. Idan akwai mai ita a Gure, ya san inda gidanmu yake.

Allah ya jiƙan Ya Fanna, ya haskaka kabarinta, ya biya ta abin da muka hana ta.